Ƙwayoyin Saman Kabad

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, mai son karatu da yawan surutu. Babanta kafinta ne. Shagonsa yana manne da gidansu, ƙofa ɗaya ce ta raba su. Sunan mahaifiyarsa aka sa wa yarinyar, don haka ba ya kiranta da komai sai Uwata.

Kullum ƙarar zarto ce ke tashinta daga barci. In ta dawo daga makaranta, sai ta leƙa shagon. Baba ya ɗago kai, gashinsa duk garin katako, ya ce, "Uwata, yau me kika koyo mana? Sam mini kaɗan, ni ma in yi ilimi."

Ita kuwa sai ta haye benci ta zayyana masa komai, har da wanda ya yi gyangyaɗi a aji.

Wata rana Baba ya ɗaga wani katako mai nauyi, bayansa ya riƙe. Ko sunkuyawa ba ya iya yi, ga aiki ya taru. Sai wani abokinsa mai fenti ya kawo masa wasu ƙwayoyi.

"Haɗiyi wannan ka ga aiki da cikawa," in ji mai fenti. "Ba sai ka je asibiti ka bi layi ba."

Baba ya sha, ciwo ya lafa. Da farko ɗaya yake sha a rana. Daga nan ya koma biyu. Ciwon bayan ya tafi, amma shan ƙwayar bai tafi ba. Duk ranar da bai sha ba, sai jikinsa ya ƙi daɗi.

Sannu a hankali Baba ya canza. Ya daina tambayarta abin da ta koyo. Abu kaɗan sai tsawa. Wani lokaci ya yi barci a kan benci da rana tsaka, guduma a hannunsa. Ya haɗa wa wani mutum kujera, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta. Mutumin ya dawo da ita yana faɗa.

Yarinyar takan ga Baba ya laɓe a bayan ƙofar shago. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya jefa wani abu a baki. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, amma abin yana cin ranta.

Ranar wata Asabar Baba ya yanke jiki ya faɗi a shago. Umma da wani maƙwabci suka kai shi asibiti. Da ya farfaɗo, shi da bakinsa ya ce yana so ya daina. Aka kwantar da shi a sashen da ake kula da masu son rabuwa da shaye-shaye. Ya yi mako shida a can.

Ita da ƙanenta, ɗan shekara huɗu, abin da aka ce musu kawai shi ne, "Baba ba shi da lafiya. Ku yi masa addu'a." Amma yarinyar ta san dalili. Wani yaro a makaranta ya riga ya kira ta 'yar ɗan ƙwaya.

Ranar da Baba ya dawo, ya rame, amma idonsa ya washe. Ya zaunar da ita a gefensa.

"Uwata, na ba ki kunya," ya ce. "Amma na bari. Da yardar Allah na bari."

"Har abada, Baba?"

"Haka nake fata, kuma haka nake ƙoƙari."

Gida ya dawo daidai. Zarto ya ci gaba da kuka da safe. Duk ranar Litinin Baba yakan sa riga mai tsabta ya tafi asibiti, ya dawo kafin azahar.

Ana cikin haka, aka sa ranar raba kyaututtuka a makaranta. Malama ta zaɓi yarinyar ta karanta wani labari a gaban iyaye, ranar Alhamis da yamma. Baba ya ji daɗi sosai.

"A layin gaba zan zauna," ya ce. "In na fara tafi, sai an riƙe mini hannu."

Ranar Talata da safe yarinyar ta kama hanyar makaranta. Ta yi nisa kaɗan sai ta tuna ta manta littafin lissafi. Ta juyo da gudu. Tana wucewa ta ƙofar ɗakin iyayenta, sai ta tsaya cak.

Baba ne a tsaye gaban kabad. Ya miƙa hannu can sama, ya sauko da wani ɗan gwangwani. Ya waiga. Ya buɗe, ya ɗauki wata farar ƙwaya, ya haɗiye da ruwa. Ya mayar da gwangwanin, ya tura shi can ciki.

Ta lallaɓa ta ɗauki littafinta ta fice, ba wanda ya gan ta.

Ranar nan ba abin da ya shiga kanta a aji. "Ya koma," take ta faɗa a ranta. "Ya ce ya bari, ga shi ya koma. In Umma ta ji, za ta yi kuka. In aka mayar da shi asibiti, 'yan ajinmu za su samu abin faɗa."

Kafin a tashi, ta yanke shawara. Ita za ta gyara abin da kanta, ba tare da kowa ya sani ba.

Da ta koma gida, Umma tana wanki a tsakar gida. Baba yana shago. Yarinyar ta ja kujera, ta taka, ta lalubo gwangwanin. Ƙwayoyi biyar ne a ciki. Akwai kuma wata takarda a ninke. Ba ta tsaya karantawa ba. Ta juye ƙwayoyin a tafin hannunta, ta shiga banɗaki, ta watsa su a masai, ta bi su da bokitin ruwa.

Ta mayar da gwangwanin inda yake. Ta ji kamar ta sauke wani babban kaya.

Washegari da safe tana ɗaura takalmi, sai ta ji muryar Baba daga ɗaki.

"Ke kika ɗauke maganin nan?"

"Wane magani?" in ji Umma.

"Nawa mana. Gwangwanin babu komai."

Umma ta saki tsintsiya. Ta yi kan ƙaramin yaron da gudu, ta buɗe bakinsa, ta duba idonsa.

"Auta, ka hau kabad? Ka sha wani abu fari? Gaya mini, ba zan dake ka ba!"

Yaron ya girgiza kai, ya fashe da kuka don tsoro. Lafiyarsa lau. Ko ya taka kujera ma, hannunsa ba zai kai saman kabad ba.

Umma ta miƙe a hankali. Ta dubi Baba. Ta daɗe tana dubansa.

"Biyar suka rage jiya," ta ce. "Likita ya ce ɗaya kullum, ba ƙari ba ragi. Gaya mini gaskiya. Shanye su ka yi?"

"Wallahi ban sha ba sai ɗaya."

"To, ƙafa suka yi suka tafi?"

Yarinyar tana bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Likita? Ashe likita ne ya ba shi? Ta buɗe baki za ta yi magana, amma ta ga fuskar Umma, sai tsoro ya kama ta. Ta yi shiru.

"Tashi mu je asibiti mu gaya musu," in ji Umma.

"In ce musu me?" in ji Baba, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ke da muke gida ɗaya ba ki yarda da ni ba, su ne za su yarda? Zan daure har Litinin."

Ya wuce shago. Ko karyawa bai yi ba.

Da yarinyar ta dawo daga makaranta, ba ta ji ƙarar zarto ba. Ta ɗebi ruwa a kofi ta nufi shagon. Baba yana zaune a kan benci, yana ta hamma. Hancinsa yana zuba, gumi ya jiƙa masa riga, amma kuma yana rawar sanyi. A gabansa ga mai fenti a tsaye.

Ta laɓe a bayan wasu katakai.

"Dube ka don Allah," in ji mai fenti. "Kana wahalar da kanka a banza. Ga shi nan, guda biyu kawai. Wa zai sani?"

Ya ajiye wani ɗan ƙulli a kan teburin aiki, ya juya zai fita.

Baba ya ƙura wa ƙullin ido. Ya ɗaga hannu, ya kai kusa da teburin, ya tsaya.

"Kai!" Baba ya kira mai fenti. "Dawo ka ɗauki kayanka."

"Haba, taimakonka fa nake yi."

"Na ga irin taimakonka. Ɗauke, kuma kada ka sake tako mini shago da shi."

Mai fenti ya ɗauki ƙullinsa ya fita yana gunaguni. Baba ya zame daga benci ya zauna a ƙasa. Ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna motsi. Yarinyar ba ta taɓa ganin babanta yana kuka ba. Ta ajiye kofin a ƙasa, ta gudu ɗaki.

Ranar Alhamis da safe ta bar Baba a kwance yana amai. Umma ta ce mata, "Tafi makaranta, kada ki makara."

Bayan an dawo daga hutun tara, Malama ta kira ta ofis don ta gwada karatunta. Yarinyar ta karanta layi biyu, ta kasa ci gaba. Hawaye suka ɗiga a kan takardar.

Malama ta rufe ƙofa. "Zauna. Tun shekaranjiya nake lura da ke. Me ke faruwa?"

"Malama, na yi wani mugun abu."

Ta kwashe komai ta gaya mata, tun daga littafin lissafi har zuwa bokitin ruwa. Malama ba ta katse ta ba.

"Me ya sa ba ki tambayi babanki ba? Ko ummanki?"

"Na ji tsoro. Na zaci ya koma sha."

"Na fahimta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Niyyarki mai kyau ce. Amma kin yi kuskure biyu. Kin zubar da abin da ba ki sani ba. Sannan kin yi shiru ana zargin babanki da laifin da bai yi ba. Na farkon ya wuce, ba ya dawowa. Na biyun kuwa kina iya gyara shi yau."

"Umma za ta kashe ni."

"Ba za ta kashe ki ba. Faɗa dai za ki sha, kuma kin ci a yi miki. Ɗauko jakarki, ni zan raka ki."

Da suka isa gida, suka tarar da ƙofa a rufe. Maƙwabciya ta ce an tafi da Baba asibiti, Umma ta bar mata Auta. Malama ta tsayar da motar haya.

Sashen yana can bayan asibitin, kusa da wasu bishiyoyi. Yarinyar ta zaci za ta ga sarƙoƙi da mutane suna ihu. Sai ta ga dogon baranda mai tsabta, da benci-benci, da wasu mutane biyu suna buga ƙwallon tebur. Wata nas ta nuna musu ɗakin.

Baba yana kwance, ana yi masa ƙarin ruwa. Umma tana zaune a gefe, idonta ya yi ja. Likita, wani dattijo mai tabarau, yana tsaye da fayil a hannu.

"Ba faɗa zan yi maka ba," likita yake cewa. "In ka shanye su ne, gaya mini. Mutum yakan yi tuntuɓe a wannan hanya, kuma ba ma korar kowa don ya yi tuntuɓe. Amma sai na san gaskiya zan san yadda zan taimake ka."

"Likita, ban sha ba," in ji Baba da ƙyar.

"Ni ce!"

Duk suka juyo. Yarinyar tana bakin ƙofa, ta ƙanƙame jakarta.

"Ni ce na zubar da su a masai. Baba bai sha ba. Jiya ma mai fenti ya kawo masa wasu, ya kore shi. Da idona na gani."

Umma ta miƙe tsaye. "Ke? Kina ji ina zargin babanki, kina kallo, kika yi shiru kwana biyu?"

"Umma, ki yi haƙuri. Na ga yana sha a ɓoye, kamar da. Na zaci..." Kuka ya ci ƙarfinta.

Umma ta juya ta dubi Baba. Ta koma ta zauna, ta kama hannunsa.

"Ka yafe mini," ta ce. "Ka rantse mini ban yarda ba."

"Na ba ki dalilin rashin yarda shekara guda cur," in ji Baba. "Ba a gyara wannan a wata biyu." Ya miƙa ɗaya hannun. "Zo nan, Uwata."

Ta matso tana sheshsheƙa.

"Kin wahalar da ɗanki, kin sani?"

Ta gyaɗa kai.

"Amma laifin ba naki ke kaɗai ba ne. Ina ɓoyewa ne don kada ku gan ni da ƙwaya a hannu. Kunya nake ji. Da na zaunar da ke na yi miki bayani, da ba a yi haka ba."

Likita ya ja kujera ya zauna daidai tsayin yarinyar.

"'Yata, tambaye ni abin da ke ranki. Na ga akwai."

Ta share hawaye. "Likita, in ƙwaya ce ta sa shi ciwo, me ya sa kuka sake ba shi ƙwaya?"

"Tambaya mai kyau. Kin taɓa hawa tsani?"

"Na Baba, a shago."

"In kina can sama, tsalle kike yi ki faɗo, ko taka-taka kike saukowa?"

"Taka-taka."

"To, jikin babanki ya saba da waccan ƙwayar. In aka yanke masa lokaci ɗaya, sai ya shiga irin halin da kika gani. Wahalar takan sa mutane da yawa su koma sha. Maganin da muke ba shi daban ne. A aune yake. Ba ya bugar da shi, yana kwantar masa da jiki da kwaɗayin abin, har ya iya aikinsa. Mu ne za mu riƙa rage masa kaɗan-kaɗan in lokaci ya yi. Ke kuma sai kika janye tsanin yana tsakiya."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Zai warke?"

"Zai samu sauƙi, in Allah ya so. Amma sai ya kwana uku a nan, mu mayar masa da ruwan jikinsa, mu sake ɗora shi a kan maganin."

Kwana uku. Ta dubi Baba. Shi ma ya tuna.

"Layin gaba," ya ce a hankali. "Ki yi haƙuri, Uwata."

Nas ta dafa kafaɗarta. "Zo mu bar shi ya huta. Bari in zagaya da ke da malamarki, ki ga inda babanki ya zauna."

Ta nuna musu ɗakin da ake fara kwantar da sababbin zuwa. "A nan muke kula da su dare da rana, har abin da suka sha ya fita daga jikinsu. Kwanakin farko su suka fi wuya."

Suka wuce wani ƙaramin ofis mai kujeru biyu. "Nan kuma ba allura, ba ƙwaya. Magana kawai. Mutum ya zauna da mai ba da shawara, su gano abin da ke tura shi sha. Wani baƙin ciki ne, wani abokai ne, wani ciwo ne kamar babanki. Sai a koya masa abin da zai yi in kwaɗayin ya taso, da yadda zai ce a'a."

"Shi ya sa ya iya korar mai fenti?"

"Ya sha gwada wannan a ɗakin nan," in ji nas tana murmushi.

A wani babban ɗaki an jera kujeru a zagaye. Wani tsoho mai furfura yana gyara su. Ya dubi yarinyar ya washe baki.

"Wannan ai 'yar kafinta ce! Ga hancin nan. Ke ce Uwata? Kunnuwanmu sun gaji da labarinki."

"Kai ma likita ne, Baba tsoho?"

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Ni? Direban babbar mota ne ni. Giya na sha shekara ashirin, har ta raba ni da motar. A nan aka taimake ni. Yau shekarata shida ko ɗigo ban kai baki ba. Amma duk Litinin ina nan. Muna zama a zagaye, kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance. Mai ƙarfi ya riƙe mai rauni. Hannu ɗaya ai ba ya ɗaukar jinka."

"Kowa da irin nasa," in ji nas. "Wani sai an kwantar da shi. Wani daga gida yake zuwa. Wani yana bukatar magani, wani magana da zaman nan sun ishe shi. Akwai kuma zaman iyali duk ƙarshen wata. Zan gaya wa ummanki ta riƙa zuwa da ke."

Da yamma Malama ta koma da ita makaranta. Iyaye sun cika fili. Yarinyar ta hau dandamali da takardarta. Ta duba layin gaba. Iyayen wasu ne duk a wurin. Ta daure ta karanta har ƙarshe. Aka yi mata tafi. Ba ta ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Umma ba ta dake ta ba. Amma da suka koma gida ta zaunar da ita.

"Magani ba abin wasa ba ne. Ba a sha sai da izini, ba a zubarwa sai da izini. Kuma daga yau, duk abin da kika gani ya tsorata ki, ki zo ki same ni. Ko a kan babanki ne, ko a kaina. Kin ji?"

"Na ji, Umma."

Ranar Lahadi aka sallamo Baba. Ya sayo ƙaramin kwaɗo, ya haɗa ɗan akwati na katako mai kyau. A ciki ake ajiye maganin, makulli yana hannun Umma. Ya daina ɓoyewa. Kowace safiya a tsakar gida yake sha, a gaban kowa. Yarinyar ce ke kawo masa ruwa.

"Likita ƙarama ta iso," yakan ce. "A ba ni in sha kafin ta kai ni ƙara."

Ƙarshen wata suka tafi zaman iyali su uku. Ɗakin ya cika da mata da maza da yara. Wata mata ta ce ita har yanzu takan shinshina bakin mijinta in ya dawo gida. Kowa ya yi dariya, har da mijin. Mai ba da shawara ta ce wannan ba abin kunya ba ne, yarda takan dawo ne a hankali.

A kusa da yarinyar akwai wani yaro sa'anta. Ya ja hula ya rufe rabin fuskarsa. Yayansa ne aka kwantar a makon nan.

"A makaranta na ce musu ya yi tafiya," ya raɗa mata. "Ba na so su sani."

"Ni ma da haka nake ji," ta ce. "Amma ciwo ne, kuma yana da magani. Yayanka ya yi ƙoƙari da ya zo. In akwai abin da ba ka gane ba, ka tambayi nas ɗin can. Ba ta faɗa."

Yaron ya ɗaga hularsa kaɗan. Da aka ce ko akwai mai tambaya, sai ya ɗaga hannu a hankali.

"Yayana zai dawo gida?"

"Zai dawo," in ji mai ba da shawara. "Kuma zai bukace ka."

Watanni suka wuce. Likita ya rage wa Baba magani, ya sake ragewa. Akwai ranakun da Baba yakan tashi ransa ba daɗi. A irin ranakun, maimakon ya yi shiru, sai ya kira tsohon direba su yi hira, ko ya gaya wa Umma. Masu kawo aiki suka dawo ɗaya bayan ɗaya, har ya ɗauki aikin teburan wata makaranta guda arba'in.

Wata Litinin ya dawo daga asibiti yana fara'a tun daga bakin ƙofa.

"Likita ya ce na gama da magani!"

Auta ya hau tsalle, ko da yake bai san dalili ba. Umma ta ɗaga hannu tana godiya ga Allah.

"Shi ke nan ba za ka sake zuwa asibiti ba, Baba?" in ji yarinyar.

"Zan ci gaba da zuwa zaman Litinin. Akwai sababbi da ke bukatar wanda zai riƙe musu hannu, kamar yadda aka riƙe mini. Ni ma ina bukatarsu."

Ta rungume shi, ya ɗaga ta sama duk da ta yi nauyi.

"Wayyo bayana!" ya ce da wasa. Umma ta harare shi, suka fashe da dariya gaba ɗaya.

Tun daga lokacin, yarinyar ta riƙe darasinta. In ka ga abin da ba ka gane ba, ka tambayi manya kafin ka ɗauki mataki, domin matambayi ba ya ɓata. In ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya da wuri, kada wani ya sha wahala a kan laifinka. Wanda kuma shaye-shaye ya kama, mara lafiya ne, ba abin gori ba. Asibiti yake bukata, da haƙuri, da iyalin da za su tsaya tare da shi har ya warke.